Saƙon da Ya Sauko da Baba Bakin Hanya

Daga Loma Parda

Zuwa ga Yaya Anselmo,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da Griselda da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a cikin hayaniyar birnin nan naku. Mu nan ƙalau muke. Ƙanƙara ta narke, tumaki sun fara haihuwa, Evaristo mijina ya warke daga tarin da ya kwantar da shi, surutun ne dai har yanzu ba a samo maganinsa ba.

Ka kwantar da hankalinka, an yi wa Baba aikin ido, kuma yana gani. Na fara da wannan ne don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba, domin saura ƙiris damar ta wuce mu, kuma mutanenku na babban birni ne suka so ja mana.

Ka san yadda Baba yake can gindin dutse da tumakinsa, ba waya, ba hanyar mota. Tun muna yara, in ana neman mutum sai a kai saƙo gidan rediyon garin nan, Don Hilario ya karanta: wane ya fito bakin hanya ran kaza, wance ta haihu, a zo da doki. To, farkon sanyin bana sai manyan gidan rediyon ƙasa suka ce daga yanzu komai daga wajensu zai riƙa fitowa, wai don a ji murya ɗaya. Aka rufe wa Don Hilario baki, saƙonni kuma wai a tura ta wayar hannu. Mu da ƙanƙara ke toshe wa hanya, sai mu wayi gari ana gaya mana unguwar da motoci suka cunkushe a wajenku. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. Baba kuwa, zuwana na ƙarshe kafin hanya ta rufe, a gabana ya cire batir ya jefa rediyon cikin akwati, ya ce ba zai ƙone batirinsa a kan titin da bai taɓa takawa ba.

Ana cikin haka asibitin lardi suka kira ni, layin Baba ya zo, bayan doguwar jiran nan da ka sani. Likitar ta ce idon dama ya riga ya tafi, na hagun ma in aka sake ɗagawa ba ta yi alkawari ba. Evaristo na kwance, ni ba doki, daga bakin hanya zuwa wajen Baba kuma tafiyar yini ce. Abinci ma kasa ci na yi.

Allah ya taimake mu, ƙorafin da mutanen lardi suka daɗe suna yi ya kai inda ya kamata. Ni ma na je taron, na faɗi abin da ke raina har shugabar taron ta ce in rage wa wasu. Aka mayar wa gidan rediyonmu da shirye-shiryen safiya da yamma, kuma kwamitin mutanen nan ne zai riƙa zaɓen labaran da za a karanta. Labaran rana har yanzu na babban birni ne, ban kuma yarda ba za su sake waiwayo mu ba, amma dai mun samu na samu. Ranar da aka buɗe, ni ce ta farko a ƙofa, da saƙon Baba ya fito bakin hanya ranar da asibiti suka sa.

Sai da na ji Don Hilario ya karanta saƙon sannan na tuna rediyon Baba na cikin akwati. Duk da haka, da ranar ta zo na ɗauki motar Evaristo na tafi bakin hanya, ba don ina sa rai ba. Yaya, ina isa sai ga dawakai ɗaure jikin shinge, ana ta shan mate, shayin ganyen nan namu, Baba a tsakiya da hularsa ta zuwa coci. Ashe duk wanda ya ji saƙon sai ya tuna tsohon yana fushi da rediyo, kowa ya ɗaura sirdi ba da sanin ɗan'uwansa ba. Doña Ermelinda ta hayin kogi ta ce ita ta fara isa, ta ce masa tashi kai tsohon banza, duk duniya ta san za a wanke maka ido sai kai kaɗai. Shi kuma wai ya ce mata gara a bar shi haka, ganin fuskarta ba zai ƙare shi da komai ba. Na yi dariya na yi kuka duk a wuri ɗaya.

Da aka cire masa bandeji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce yaushe na koma kamar Mama bai sani ba. Jiya ya sa na kai shi gidan rediyo da ƙafarsa, ya ba da saƙo cewa shi Florentino na gode wa maƙwabta, kuma ɗansa Anselmo ya zo gida tun idon yana sabo. Na ce masa rediyonmu ba ya kaiwa babban birni. Ya ce mu mun saurari nasu sanyi guda cur, su ma su saurari namu ko sau ɗaya. To, ga shi na isar maka, Yaya, kuma tun safe yake zaune yana kallon hanya.

Ka gaida Griselda, da Lisandro, da auta Maite wadda Baba bai taɓa gani da kyau ba. Evaristo na gaishe ku. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka,
Nélida