Naman farko na sabuwar bindiga

Lewisham, London
Nuwamba, 1991

Zuwa ga Yaya Isma'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan. Ni ma lafiya lau. 'Yarka Jamilatu tana can Manchester gidan mijinta, takan bugo waya ran Lahadi, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Tun rasuwar matata, mahaifiyarta, gidan ya yi mini girma, ko da yake ɗaki biyu ne. In na dawo daga aiki, daga ni sai rediyo.

Yaya, kada ka yi dariya, na sayi bindiga. Likita ne ya ce in nemi abin da zai riƙa fitar da ni waje, ni kuwa ɗan maharbi, me na sani ban da harbi? Sai da 'yan sanda suka zo suka ga akwatin ƙarfen ajiye bindiga da na kafe a bango kafin su ba ni izini. Mai kanti ya jera mini masu baki biyu. Ƙirar Ingila kyau kamar ka sace, amma da na ji kuɗinta sai na ajiye ta a hankali, don daidai ruwa daidai tsaki. Ta Rasha tana da arha, sai dai nauyi kamar taɓarya. Mai kantin ya ce in faifan yumɓun nan da inji ke cillawa sama zan fi harbi, mai baki ɗaya bisa ɗaya ta fi saiti, in kuwa tsuntsu ne, mai baki gefe da gefe ta fi daɗin ɗauka. Na zaɓi wata tsohuwa ƙirar Sifen, gefe da gefe. Na buɗe ta na leƙa bakunan a fitila ban ga tsatsa ba, na girgiza ta ba ta yi kwarkwar ba, na ɗora a kafaɗa ta zauna daram.

Na yi ta fasa yumɓu a karkarar Kent duk Asabar, amma yumɓu ba ya shiga miya. Sai wani manomi ya ce in zo in rage masa hasbiyoyin da ke cinye masa shuka. Na samu biyu, na ruga na yanka su kafin su cika, Turawan da ke wurin suna kallona.

Ka san dokar gidanmu. Baba bai taɓa yarda maharbi ya ci naman farko na sabuwar bindiga ba. Sai ya kai wa babba, babba ya karɓa da hannunsa ya sa albarka, sannan a sake ɗura ta. Ina cikin jirgin ƙasa da tsuntsayen a jaka na fara lissafin wanda zan kai wa. Na tuna Malam Osmanu, dattijon nan mutumin Gana da muke sahu ɗaya ran Juma'a. Na je gidansa, wani baƙo ya buɗe, ya ce jikin Malam ya tsananta, 'ya'yansa sun mayar da shi Kumasi. Na dawo na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, tsohuwa ce Baturiya. Ta leƙo ba ta cire sarƙar ƙofa ba, ta ce ta gode ƙwarai, amma ba ta cin abin da bai fito daga kanti ba. Na tsaya a matattakala da nama a hannu. Wallahi Yaya, ko ranar jana'izar mahaifiyar Jamilatu ban ji kaɗaici irin na ran nan ba.

Yanzu tsuntsayen suna firiza, bindiga tana kulle, kuma ba zan sake ɗura ta ba. Kai kaɗai ne babban da ya rage mini. Ina roƙo, in an karanta maka wannan, ka miƙa hannu ka ce ka karɓa, ka sa albarka kamar yadda Baba ke yi, ka sa a rubuto mini in ci a madadinka.

Ka gaishe mini da Yaya Turai, da Luba, da Rukayatu da yaranta, da Yusif da duk mutanen zaure. Na san takarda tana daɗewa a hanya. Zan jira, ba inda za ni.

Ƙaninka,
Mijinyawa