Karo na Huɗu Ke Nan Ina Goge Wilin Maigida

Malama, don girman Allah ki taimake ni. Kwana uku suka rage mini, na rasa tudun dafawa.

Ni direba ne a wata gonar kaji. Shekara ashirin da shida ina kai ƙwai shaguna, tun zamanin marigayi mai gonar, kuma ko kiret ɗaya ban taɓa fasawa ba, a tambayi kowa. Yanzu ɗansa ke riƙe da wurin, ni na koya masa riƙe sitiyari. Bara ya sayo sabuwar a-kori-kura mai wilin alminiyom, irin masu ƙyallin nan, ya ce ba mai taɓa ta sai ni. Yana ji da motar nan kamar ransa. Duk ƙarshen wata sai ya zagaya ta, har durƙusawa yake yi ya leƙa tayoyi.

To, wata biyar ke nan ina goga wilin gaba na dama da kankaren gefen titi. Karon farko na ce tsautsayi ne. Na sayo samfefa, mai kaushi da mai laushi, da fila ta cike rami da fentin feshi. Ranar hutu na shigo da motar bayan gidana, na rufe taya da takarda da salatif, na goge, na cike, na fesa. Ya yi kyau, ni kaina ban gane wurin ba. Na biyu haka, na uku haka. Matata har tsokanata take yi, wai da tsufana na koma mai fenti.

Na huɗun shekaranjiya ne, a gaban wani shago, kuma wannan ya wuce karce. Bakin wilin ya gutsure faɗin yatsa biyu, ya ɗan lanƙwashe, taya tana sace iska, in na ɗan taka mota sitiyari ya kama rawa. Fila ta ƙi zama. Fentin da na samu ya fi na asali haske, sai wurin ya fito kamar tabo a goshi. Ga wata mata da ke tsaye a gaban shagon da jakar cefane, ta wanke ni tas da zagi, wai saura ƙiris in take mata ƙafa. Ni kuwa, Allah ne shaidata, ban ma gan ta ba sai da ta yi ihu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, har matata. Idona na dama ne. Hazo-hazo nake gani, kamar gilashin da aka shafa wa mai. Ban je asibiti ba don tsoro nake ji a ce in daina tuƙi. In na daina, me zan yi? Ban iya komai ba sai wannan. Ga autata saura shekara guda ta gama makarantar koyon jinya, da aikin nan nake riƙe da ita. Wani lokacin sai in zauna a cikin motar in yi ta hawaye, ƙato da ni.

Ranar Asabar maigida zai duba motar. Malama, akwai dabarar da za ta rufe gutsuren nan kafin lokacin? Wane fenti ne zai saje? Ki rufa mini asiri.

Direban Ƙwai

AMSA

Baba Direba, sannu. Bari mu fara da wilin, tunda shi ka tambaya. Samfefa da fila na karce ne. Wilin da ya lanƙwashe har yana sace iska, sai masu miƙe wili da waldar alminiyom. Su za su duba ko ya tsage, su haɗa fentin da ya dace, su daidaita shi don sitiyari ya daina rawa. In ya tsage, canji kawai. A cire shi a kai musu, kada ka tuƙa motar zuwa can.

Amma ni da kai mun san ba don fenti ka rubuto ba. Tsoronka gaskiya ne, ba zan raina shi ba: mutum ya yi shekara ashirin da shida a kan abu ɗaya, ga ɗiya a makaranta. Sai dai maigidanka ma yana da hakki, amana ya ba ka. Matar nan mai cefane kuma ƙafarta ce. Kankare ba ya zubar da jini, Baba, mutum yana yi.

Ni ba likita ba ce, amma sau da yawa irin wannan hazon yanar ido ce, ana cire ta da ƙaramin aiki, mutane su koma sana'arsu. Yana iya kuma zama wani ciwon da jinkiri ke ƙara wa ƙarfi. Ko wanne ne, ɓoyon da kake yi shi ke cutar ka.

Saboda haka yau ka faɗa wa matarka. Gobe ta raka ka asibitin ido. Daga can ka wuce wurin maigidanka da takardar likita, kada ka bari sai ya durƙusa ya gano da kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa masa duka huɗun, ba na ƙarshen kaɗai ba. Zai ji haushi, ka haƙura ka saurara. Sannan ka roƙe shi ya ba wani tuƙin na ɗan lokaci, kai ka zauna a gefe, tunda ba wanda ya kai ka sanin shagunan da masu su. Ba zan yi maka alkawarin zai yarda ba, amma wanda ya kawo kansa ya fi wanda aka kama samun sassauci.

Abu ɗaya ne ba na neman shawararka a kai: daga yau har ranar da likita zai ce ka gani sosai, kada ka sake tayar da motar nan, ko da zuwa bakin ƙofa ne.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya sanyaya zuciyar maigidanka, ya nuna maka ranar da autarka za ta gama.