Hanyar da Ta Raba Mu da Gonakinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban tawagar da aka aiko ta auna amfanin sabuwar hanyar jar ƙasa da ta ratsa ƙauyenmu, tsakanin Dogarawa da Illela.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni tsoho ne, na yi lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin Nasara, sai ka yi haƙuri da rubutun. Na ji a rediyo cewa rahotonku ya kusa fita, wai hanyar ta kawo arziki kuma talakawa duk sun gamsu. Ina cikin talakawan, kuma ban gamsu ba. In aka sa hannu a kan wannan magana, ɗan kwangilar da ya yi hanyar zai kwashe kayan aikinsa ya tafi, a bar mu ba wurin ƙetarewa. Shi ya sa na yi maganar a fili.

Na ɗaya. An ɗaga hanyar sama kamar ganuwa don gudun ruwa, kuma ƙasar da aka cika ta da ita daga gefenta aka haƙo, aka bar rami dama da hagu. Garinmu yana gabas. Gonakinmu da garaken albasa da rijiyar dabbobi suna yamma. Gangara ɗaya tak aka yi wadda amalanke zai iya hawa ya sauka, ita ma can bakin garin da ke da kasuwa. Wanda ya zagaya ta can da hantsi, sai rana ta take kafin ya ga gonar da yake hangowa daga ƙofar gidansa.

Na biyu. Ɗana Haruna, shi kaɗai Allah ya bar mini, da amalanken jaki yake ciyar da mu. Da rani ya kai taki gona, da kaka ya kwaso hatsi da wake, lokacin albasa ya fitar da buhuna. Kakar da ta biyo bayan gama hanyar, ya gaji da zagaye, ya ce bari ya gwada hawa kai tsaye da damman hatsin wani maƙwabci. Jakin ya kai rabi, nauyi ya ja shi baya, amalanke ya kife cikin rami, ƙafar jakin ta karye. Jakin da ya karye ba ya ɗoruwa, kuma ba a yanka shi a ci. A nan cikin ramin ya mutu. Haruna ya sayar da ƙarafan amalanken wa maƙeri, ya tafi Abijan biɗar kuɗi. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta, kuma ban ga laifinta ba, don ba abin da zan ba su. Uwar Haruna ta daɗe da rasuwa. Yau ni kaɗai nake kwana a gidan, matar maƙwabci ke aiko mini da fura in ta tuna. Kuma ba Haruna kaɗai ya tafi ba. Ka tambaya, za a nuna maka gidajen masu amalanke da aka toshe ƙofarsu da ƙaya. A wane shafi na rahotonku aka rubuta wannan?

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai: yadda kuka yi awon. Mutanenka sun zauna bisa hanya suna ƙidaya abin da ya wuce. Sun ga manyan motocin albasa na alhazan Konni, sun ga motocin haya. Gaskiya ne suna wucewa, kuma ba na hassadar mai mota, Allah ya ƙara masa. Amma ba sa tsayawa nan, ƙura kawai suke bar mana. Amalanke kuwa ba su ga ko ɗaya ba. Yaya za su gan shi, alhali ba ya iya hawa inda suke zaune?

Daga nan aka tara mu ƙofar maigari. An yanka rago, an ajiye wa baƙi akushi, sannan aka tambaye mu ko muna jin daɗin hanya. Ranka ya daɗe, a ƙasar nan ba a kai wa baƙo kuka yana cin abincinka, kuma ba a kunyata maigari gaban manya. Kowa ya ce sai godiya. Na ɗaga sandata zan yi magana, ƙanen maigari ya danne mini gwiwa, ya ce in bari su gama ci. Suka gama, suka wanke hannu, suka shiga mota. A cikin mutanenka akwai ɗan ƙasar nan, na ji Hausarsa. Ya san wannan al'ada kamar yadda ya san sunan uwarsa. Ya san in ana son gaskiya, gida gida ake bi, a zauna da mutum shi kaɗai. Bai yi ba, ya rubuta kunyarmu a matsayin shaida. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba.

Ga abin da nake roƙo. Kada ka sa hannu tukuna. Ka aiko mutum ya bi gidaje ba tare da maigari ba, ya kuma hau amalanke da kaya ya gwada ƙetarewa da kansa. A sa ɗan kwangila ya yi mana gangara daidai garinmu, da magudanar ruwa a ƙarƙashinta, kafin damina ta faɗi. Kuma in za a lissafa ribar masu mota, a lissafa hasarar waɗanda suka bar gida, a ga abin da ya rage.

Ni kam ba na iya hawa tudun nan, ko da sanda. Makabartarmu ma tana yamma. Ba na son ranar da za a ɗauke ni, tsofaffin da suka rage su zame da makara cikin rami.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, ya bar maka ƴaƴanka kusa da kai a tsufanka.

Wassalam.

Malam Isufu,
mahaifin Haruna mai amalanke.