Ya Cire Soket Don Gugar Rigarsa, Ni Aka Kora

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai cewa "ki yi haƙuri" kawai ya riƙe abinsa, na shekara fiye da ashirin ina yi.

A ƙarshen shekarun casa'in na samu aikin taifin a wani ofishin aikin gona a Tudun Wada. Babana manomi ne a Kiru, sa ya sayar ya kai ni Kano na koyi kwamfuta, duk garinmu ana yi masa dariya. A ofishin akwai babbar kwamfuta a sito, ita ke ajiye duk fayil ɗinmu, sai ƙanana uku da aka haɗa da ita da waya. Kowa da sunansa da fasawod ɗinsa. Ni, da oga, da wani akawu da zan kira Malam Sabo.

Wata biyu lafiya lau, sai kwamfutar ta fara ƙin buɗe min. In sa suna, in sa fasawod, ta ce ban da izini. Na duba ko manyan baƙaƙe na danna, na zare wayar na mayar, na koma kwamfutar oga na gwada, har a tafin hannuna na rubuta fasawod ɗin kamar 'yar firamare. Su biyun suna shiga, ni ce kawai. Kuma kusan kullum ranar Juma'a abin yake farawa. Idan aka kira injiniya daga Kano, ya shiga sito ya fito, sai ta buɗe min a gaban kowa. Malam Sabo ya dinga yi da ni, wai kan 'yar ƙauye ba ya riƙe baƙi shida na fasawod, wai babana ya yi asarar sa. Oga ya gaji da kiran injiniya, ya sallame ni.

Ranar da na koma gida babana bai yi min faɗa ba, wallahi da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dai daina zama a majalisar ƙofar masallaci.

Bara na haɗu da tsohon masinjanmu a wani biki a Bebeji, shi ya fasa min ƙwan. Ashe soket ɗaya ne mai kyau a siton. Duk Juma'a Malam Sabo sai ya zare babbar kwamfutar ya jona dutsen guga, ya goge babbar rigarsa ta masallaci. Batirin agogon na'urar ya mutu, da an kashe ta sai agogon ya koma sha biyun dare, ni kuma daga takwas zuwa huɗu kawai aka ba sunana izinin shiga, su manya babu iyaka. Masinjan ya rantse a gabansa injiniya ya gaya wa Malam Sabo wannan tun zuwansa na farko, ya kuma umarce shi ya sanar da oga. Mugun bai sanar ba, ya ci gaba da gugarsa, ya ci gaba da zagina.

Yanzu wai Malam Sabo zai tafi Hajji. Ya samu lambata ya turo min saƙon murya irin wanda ya tura wa kowa, wai duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Na kira shi na faɗa masa abin da na sani. Ya yi dariya, ya ce ashe har yanzu ina riƙe da maganar soket. Na kashe wayar.

Mijina ya ce in yafe, baƙon Allah ne. Yayata ta ce sai ya tara mutane ya faɗi gaskiya da bakinsa. Jirginsu jibi ne.

To ku gaya min, in yafe ko in bar shi ya tafi da haƙƙina? Kuma ko ya tara duk Kiru ya faɗa, wa zai gaya wa babana? Shekararsa tara a ƙasa, ya tafi yana zaton ni ce na kasa riƙe baƙi shida.