Hatsin Ots Ya Tsira

Innata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya Auta? Ni lafiya lau, sai ɗan kumburin ƙafa saboda tsayuwa a ɗakin gwaji.

Albishirinki! Wata huɗu ina auna sinadarin da ke kare jiki daga lalacewa a cikin hatsin ots. Wanda na turara sosai sinadarinsa ya ragu, wanda na jiƙa ya tsira kuwa ya ƙaru. Malamata ta cire tabarau ta ce, "To, ba za ki koma gida hannu rabbana ba."

Ragowar hatsin ni ke cinyewa safe da rana, har maƙwabciyata na kirana Goɗiya, wai ots abincin dawaki ne. In kin ga na rame a hoton da na haɗo miki, laifin mai ɗauka ne.

Ki sa mini albarka, saura gwaji ɗaya.

'Yarki