Sau Guda Inna Ta Kira Sunana

Daga Wurno

Yaya Turai, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya yara? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna?

Roƙo nika yi. Hirarrakin Inna da kinka ɗauka lokacin jinyatta, ki kwafe min su daga kwamfutakki. Ina kewar muryatta. Kuma Malami, maigidana, ya ce ajiyar wuri guda ba ajiya ba ce, na'ura na iya mutuwa kowane lokaci.

Ƙanwarki, Nuriyya.

Daga Goronyo

Nuriyya, wa'alaikumus salam. Muna lahiya.

Ki gaida Malami, ki ce mai, kwamfutata lahiyarta lau. Ba ni badawa. Ke auta, kin sha goyo, kin sha kirari, sunanki bai bar bakin Inna ba. Ni ɗiyar fari, kunya ta hana ta kiran sunana, sai dai "ke wagga". Ni niy yi wankinta da ɗaukarta, amma ta buɗe ido ta ce, "Ina Nuriyya?" Ina jin haushi, ba ni ɓoyewa. Kin same ta da rai, bar min muryatta.

Ga memori nan cikin ambulan, hira guda ce ciki. Saurara ki ji inda tac ce, "Turai, Allah shi yi miki albarka." Sau guda a duniya, kuma ba ke ba ce.

Yayarki.

Daga Goronyo

Nuriyya, sallama.

Ruwan ranar Laraba ya ɓalle rufin ɗakina, ya zuba kan kwamfutar. Na kai ta Rabah wurin Shafi'u mai gyara. Ya buɗe, ya bushe ta, ya ce ma'ajiyar ta ƙone. Ya tambaye ni, "Hajiya, ina kinka aje kwafi?" Na ce mai babu.

Komi ya tahi. Ni na ja, rowata ta ja. Ki yahe min.

Turai.

Daga Wurno

Yaya, wa'alaikumus salam. Allah shi ba mu haƙuri.

Ba komi yat tahi ba. Memorin da kinka aiko don ki ƙona min rai, ya ƙona ɗin, na yi kuka ƙwarai. Amma kullum sai na saurara, muryar Inna ce.

Malami ya kwafe shi ga wayata da filashi. Ga naki nan na maido. Sunanki ne kaɗai yar rage muna daga bakinta.

Ki huta lahiya.

Nuriyya.