Goran Abdulmutallib

Litinin, 1 ga Agusta 2022

Babi na huɗu na littafina ya kusa kammala, na ambaliyar da ta ci tsohon gari. Labarin Abdulmutallib mai fito shi ne ƙashin bayansa: mutum ɗaya da ƙaton gora yana ƙetarar da jama'a Gulbi. Mahaifin Malam Chaibu ne. Malam, wanda ya koya mini aikin jarida, ya ƙi ba ni labarin da bakinsa. Ya ce, "Ɗiyata, ɗa ba ya shaidar uba. Je ki nemi bakin mutum ukku." Har sunaye ya ba ni. Na fito daga gidansa a unguwar Zariya ina jin babu kamarsa.

Alhamis, 4 ga Agusta

Baba Zakari a Sabon Gari, jiya. Yau Alhaji Abdu a Tibiri, wanda a da can mazaunin tsohon gari ne. Ba su san juna ba. Dukansu sun ce goran ya tsage an ɗinke shi da jan zare, kuma ta ƙarshe da aka fitar wata makauniya ce rungume da akuya. Shaida biyu, baki ɗaya. Na yi murna kamar sabuwar shiga.

Asabar, 6 ga Agusta

Jiratawa, wurin Iya Indo. Tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago kai ba. Jan zare. Makauniya. Akuya. Da ta zo inda goran ya karkata sai ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce, "To, jama'a!" Daidai nan Alhaji Abdu ma ya tsaya, haka kuma ya ce. Baba Zakari ma. Ni kaɗai ce a gabanta, ina jama'ar?

Waɗanda suka ga abu da idonsu sukan saɓa a ƙananan abubuwa. Malam ne ya koya mini wannan.

Na ce, Iya, kin ga mutumin? Ta yi dariya. "Ni da ake goyo lokacin? A rediyo muka ji, shirin Chaibu na ran Laraba, zamanin ina da haƙora." Na ce me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. "Ke kin ce mi na sani. Ba ki ce ina na ji ba."

Ta cika mini leda da zogale.

Lahadi, 7 ga Agusta

Na buga wa sauran biyun. Rediyo. Rediyo.

Talata, 9 ga Agusta

Bakin mutum uku ashe bakin mutum ɗaya ne, kuma shi ya zaɓo mini su. Ba shirin ne ya dame ni ba, kowa ya san mai shiri yana ƙara gishiri. Aiken ne. Ya san inda zan taka, ya share mini hanyar, ya kuma yi mini huɗuba a kan shaida kafin in tashi. Da ban ƙirga numfashin tsohuwa ba, da littafina ne zai zama hujjar da ba shi da ita.

Laraba, 10 ga Agusta

Na je. Ya sa aka kawo shayi. Na shimfiɗa masa abin da na samu a tsare, kamar yadda ya saba so. Bai musa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Abin da na riƙe daga maganarsa: wani ya fitar da mutane ran nan, wannan tabbas ne, kakarsa ta faɗa masa, sunan ne bai tsira ba. "Sunan ubana babu mai tuna shi, aiki babu suna. Na haɗa su. Wa na cuta?" Na ce ni, Malam. Ya ce, "Zuliha, shekara nawa mutane na faɗinsa? Yanzu ai ya zama nasu."

Na tambayi jan zaren. Ya yi murmushi. Wai ƙwaryar furar mahaifiyarsa ce aka ɗinke da shi.

Ban sha shayin ba.

Juma'a, 19 ga Agusta

Na nemi wani tsoho da bai taɓa jin shirin ba. Ban samu ba. Wannan ce ɓarnar: ko akwai wanda ya tuna ainihin mai fiton, muryar Malam ta hau kansa ta zauna. Na sake rubuta babin. Abin da aka tabbatar sakin layi biyu ne. Sauran na ce labari ne da rediyo ya haifa, na ambaci mai shirin da sunansa. Shafin sadaukar da littafin ga Malam kuwa na cire shi. Bai kira ba, ban kira ba.

Lahadi, 4 ga Satumba

Gulbi ya cika har mutane na zuwa kallo. Mun tsaya bakin gada ni da Nasser, mijina, ya ce yaya aka yi mutanen da can suka fita daga irin wannan. Na fara ba shi amsa. Ban ankara ba sai ga ni a kan makauniya da akuyarta, na tsaya daidai inda goran ke karkata, na ja numfashi.

Ban ƙarasa ba. Nasser ya ce, a ina kika ji?

Gobe dai ina da aiki a Zariya. Ba lalle in bi ta layin su Malam ba.